Shaidar da Ke Jikin Katako: Yadda Ake Gane Tsohuwar Durowa ta Gaskiya

Gabatarwa

A watan Disamba na shekarar 2010, kamfanin gwanjo na Sotheby's da ke birnin Landan ya sayar da wata durowa guda ɗaya a kan kuɗi fiye da fam miliyan 3 da dubu 700. Wannan durowa, wadda aka fi sani da sunan gidan sarautar Harrington, an ƙera ta ne wajen shekarar 1770, kuma masana sun jingina aikinta ga Thomas Chippendale, shahararren kafintan Ingila wanda ya rayu daga 1718 zuwa 1779. Da a ce wani kafintan zamanin nan ne ya kwaikwaye ta, komai gwanintarsa, da kuɗinta bai kai ko kusa da haka ba. Shekarunta da asalinta su ne abin da mai sayen ya biya.

To, duk inda shekaru suka zama kuɗi, ba a rasa masu ƙirƙirar shekarun. A shekarar 2016 'yan sandan Faransa suka kama Bill Pallot, wanda ake ɗauka babban masani ne kan kujerun ƙarni na 18, tare da wani gwanin sassaƙa mai suna Bruno Desnoues, bisa zargin ƙera sababbin kujeru da sayar da su a matsayin na sarakunan da. Wasu daga cikin kujerun har Fadar Versailles ta saya. A watan Yuni na 2025 wata kotu a garin Pontoise ta same su da laifi. Idan har za a iya yaudarar fada mai tarin ƙwararru, lalle akwai aiki a gaban mai saye na yau da kullum.

Abin da ake nufi da durowa a wannan maƙala shi ne kabad mai aljihuna jere, waɗanda ake jawowa ana turawa, domin ajiyar tufafi da makamantansu. A ƙa'idar dillalai da hukumomin kwastan na ƙasashe irin su Amurka, sai kaya ya cika shekara 100 ake lissafa shi cikin kayan tarihi, wanda bai kai haka ba kuwa tsohon yayi ne kawai. Maƙalar za ta bi durowar Ingila ta ƙarni na 17 zuwa na 19, domin ita aka fi nazari, ta nuna cewa katako da sawun kayan aiki suna ɗauke da shaidar shekarunsu, kuma ana iya karanta wannan shaida.

Nau'in Katako

Durowa ta samo asali ne daga babban akwatin katako mai murfi. Wahalar tono kayan da ke ƙasan akwati ta sa kafintoci suka fara sanya masa aljihu ɗaya ko biyu daga ƙasa, har zuwa tsakiyar ƙarni na 17 lokacin da aljihuna suka mamaye jikin akwatin gaba ɗaya. Daga nan kowane zamani ya zo da katakon da ya fi yayi. Kafin wajen 1660 itacen ok aka fi amfani da shi a Ingila. Bayansa sai itacen walnat, wanda ake shigo da mafi yawansa daga Faransa. Tsananin sanyin da aka yi a Turai a 1709 ya kashe itatuwan walnat masu yawa, abin da ya sa Faransa ta hana fitar da shi a 1720. A 1721 kuma majalisar Birtaniya ta cire haraji daga katakon da ake kawowa daga ƙasashen da take mulka, sai itacen mahogani na tsibirin Jamaika ya cika kasuwa.

Wannan tarihi ma'auni ne na farko. Durowar Ingila ta mahogani wadda aka ce an yi ta a 1680 abin tuhuma ce tun daga nesa. Har ila yau, mahogani kansa iri-iri ne. Wanda Chippendale ya yi aiki da shi na dangin Swietenia ne, mai fitowa a tsibiran Karibiyan da tsakiyar nahiyar Amurka. Akwai kuma na Afirka, na dangin Khaya, wato dangin maɗaci da aka sani a ƙasar Hausa. Ɗan'uwan maɗaci na kurmin Gana da Kwaddibuwa da kudancin Nijeriya bai shiga kasuwar Turai da yawa ba sai a ƙarshen ƙarni na 19. Da ido kawai yana da wuya a bambanta su, amma idan aka yanki ɗan ƙanƙanin falle aka duba a ƙarƙashin madubin ƙara girma, tsarin ƙwayoyin kowannensu daban yake. Saboda haka, samun dangin maɗaci a ainihin jikin durowar da aka ce ta 1760 ce ya isa ya rushe da'awar.

Yadda Katako Ke Motsi

Katako ba ya daina mu'amala da iska ko da ya shekara ɗari uku da yankewa. Idan iska ta yi laima yakan sha danshi ya kumbura, idan ta bushe ya saki danshin ya tsuke. Abin lura shi ne, wannan tsukewa ba daidai take ba ta kowane ɓangare. Itace tamkar damin siraran bututu ne da suka miƙe daga saiwa zuwa reshe, su ne ake kira zaren katako. Daga ɗanye zuwa busasshe ƙarau, yawancin itatuwa ba sa raguwa a tsawon zaren fiye da kashi 0.1 zuwa 0.2 cikin ɗari, amma a faɗinsa suna iya raguwa da kashi 4 zuwa 8 cikin ɗari, gwargwadon yadda aka tsaga gungumen.

Wannan bambanci yana barin alamu da ke da wuyar ƙirƙira. Alal misali, allon ƙasan aljihu mai faɗin santimita 45, idan ya ragu da kashi ɗaya kacal cikin ɗari, ya rasa kusan rabin santimita ke nan. Kafintocin farko sukan shimfiɗa wannan allo zarensa na tafiya daga gaba zuwa baya, su kafe shi da ƙusa, don haka idan ya tsuke sai ya tsage. Zuwa ƙarshen ƙarni na 18 aka koma shimfiɗa shi daga gefe zuwa gefe a cikin kwarmi, yadda zai iya motsi, sai tsukewar ta bar 'yar kafa ta gaba ko ta baya. Haka kuma duk abin da aka fafe shi a zagaye, kamar ƙafa mai siffar ƙwallo ko maɗaukin katako, yakan ɗan karkata zuwa siffar ƙwai bayan shekaru masu yawa. Idan aka auna shi ta ɓangarori biyu aka ga awon ya zo daidai cif, to da alama bai daɗe da fitowa daga hannun kafinta ba.

Sawun Kayan Aiki

Kafinta yakan goge fuskar durowa har ta yi sumul, amma ba ya ɓata lokacinsa kan wuraren da ido ba ya kaiwa. Shi ya sa masana kan fara da zare aljihuna duka, su juya su, su duba bayan durowar da ƙarƙashinta. A nan ne sawun zarto yake. Zarton hannu na mutum biyu yana barin layuka miƙaƙƙu, masu ɗan karkata, waɗanda tazararsu ba daidai take ba. Zarton da ruwa ke turawa sama da ƙasa yana barin layuka miƙaƙƙu masu tazara ɗaya. Zarto mai juyawa kuwa layukansa a lanƙwashe suke kamar baka. Ko da yake wani Samuel Miller ya yi rajistar irin wannan zarto a Ingila tun 1777, bai zama ruwan dare a aikin kafintoci ba sai da ƙarni na 19 ya yi nisa. Lanƙwasassun layuka a bayan durowar da aka ce ta 1740 ce, ko dai an sauya allon, ko kuwa labarin ne ba gaskiya ba.

Na biyu shi ne haɗin kusurwar aljihu, inda ake yanka haƙora a allo ɗaya su shige cikin giɓin ɗayan. Turawa sun sanya wa wannan haɗi sunan wutsiyar kurciya, saboda kowane haƙori yana buɗewa kamar wutsiyarta. A ƙarni na 17 haƙoran manya ne, 'yan kaɗan, wani lokaci ma ƙusa kawai ake bugawa, kuma a kan yi kwarmi a gefen aljihun domin ya hau kan wani siririn katako da ke cikin durowar. A ƙarni na 18 haƙoran suka ƙara yawa da siranta. Wanda aka yanka da zarto da cizal na hannu ba ya zuwa daidai da juna, kuma sau da yawa ana ganin siririn zanen da kafinta ya ja domin ya san iyakar yankan. A Amurka, Charles Knapp ya yi rajistar wata na'ura a 1867 wadda ke yin haɗi mai siffar rabin da'ira da turke a tsakiya, an kuwa yi yayinta daga wajen 1870 zuwa 1900, don haka ganin wannan haɗi tamkar ganin kwanan wata ne a rubuce. Bayan nan na'urori suka fara yanka haƙora masu girma ɗaya da tazara ɗaya.

Na uku shi ne ƙarfe. Har zuwa wajen 1800 maƙera ne ke ƙera ƙusa ɗaya bayan ɗaya, kanta na ɗauke da sawun guduma. Daga nan aka shiga yanko ta da inji daga fallen ƙarfe, mai kusurwa huɗu. Ƙusa mai zagaye irin ta yau, wadda ake yi da waya, ta mamaye kasuwa ne daga wajen 1890. Ita kuma ƙusa mai murɗi, wadda ake ɗaurawa da sukundireba, ta dā bakinta a dakushe yake, kuma tsagar kanta kan kauce wa tsakiya. Mai tsinin baki ta yaɗu ne bayan Thomas Sloan ya yi rajistarta a Amurka a 1846, mai tsaga kamar gicciye kuwa, wadda ake kira da sunan Phillips, sai a shekarun 1930. Sai dai ƙusa aba ce mai sauƙin sauyawa, don haka akan duba raminta ma. Tsohon ƙarfe yakan bar baƙin tabo a kewayensa, musamman a itacen ok, saboda haɗuwar ƙarfe da danshi da sinadarin tanin da ke cikin itacen.

Akwai kuma siririn fallen katako mai kyau da ake liƙawa a kan mai araha. Na ƙarni na 18 da zarto aka yanke shi, kaurinsa kan kai milimita ɗaya da rabi ko fiye, kuma ba ya zuwa daidai ko'ina. Na zamani da wuƙar inji ake fere shi, kaurinsa bai cika wuce kashi 6 cikin 10 na milimita ba. Filawud a ƙasan aljihu, ko allon da aka yi da matsattsen garin katako, shaida ce ta ƙarni na 20.

Launi, Shafe da Gam

Iska da haske suna sauya launin katako sannu a hankali. Allon baya da ba a shafa masa komai ba yakan yi duhu daga waje, inda iska da ƙura ke samunsa, alhali cikinsa na nan da haske. Duk gefen da aka yanka daga baya zai fito fari a tsakanin 'yan'uwansa. Masu jabu sukan shafa launi domin su ɓoye wannan, amma kafintocin da ba su da dalilin shafa launi a inda ba a gani, don haka launin da aka shafa a ƙarƙashin aljihu shi kansa abin tambaya ne.

Daga wajen 1820 aka yi yayin shafa wa kaya wani ƙaro mai ƙyalli da ake kira shalak, wanda wani ƙaramin ƙwaro ke fitarwa a jikin itatuwa a Indiya da Tailan. Idan aka haska shi da fitilar altarabayolet a cikin duhu yakan ba da haske ruwan lemo, shafe-shafen zamani kuwa haskensu daban ne, ta haka ake ganin duk inda aka yi faci. Gam ma haka. Na da daga fata da ƙashin dabbobi ake dafa shi, launinsa ruwan ƙasa ne kuma yana narkewa da ruwan zafi. Farin gam irin na kafintocin yau ya yaɗu ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu.

Ramukan Ƙwaro

A Turai akwai wani ɗan ƙwaro mai suna Anobium punctatum, wanda tsutsarsa ke shafe shekara uku zuwa huɗu tana cin katako daga ciki, sa'an nan ta rikiɗa ta huda ta fito, ta bar rami mai faɗin milimita 1 zuwa 2. Da yake mutane na ɗaukar waɗannan ramuka alamar tsufa, masu jabu kan huda nasu da tsinin ƙarfe. Ramin ƙarfe miƙe yake, allura na shiga cikinsa kai tsaye, na tsutsa kuwa yana lanƙwasa da zarar ya shige. Wata alamar ita ce, tsutsa ba ta tafiya a saman katako. Idan aka ga doguwar hanyarta a buɗe a fuskar allo, to an yanka ko an goge allon bayan ta gama ɓarnarta, wato an sake sarrafa tsohon katako ke nan. Idan kuwa aka ga sabon gari mai haske yana zubowa daga ramin, ƙwaron na nan da rai, kuma zai iya yaɗuwa zuwa sauran kayan ɗaki. Gidajen tarihi kan kashe shi ta hanyar rufe kayan cikin leda mai hana iska shiga, su cika ta da iskar naitirojin na tsawon makonni.

A Ɗakin Gwaje-gwaje

Idan kuɗin kaya ya yi yawa, akan nemi taimakon ɗakin bincike. A ƙasashe masu sanyi itace na ƙara da'ira ɗaya a jikinsa kowace shekara, mai kauri a shekarar albarka, siririya a shekarar wahala. Wani masanin taurari a Jami'ar Arizona, A. E. Douglass, shi ya mayar da wannan ilmi, ya kuma kafa ɗakin bincikensa a 1937. Ana gwada jerin da'irorin allo da jerin da aka riga aka sani na yankin, a gano shekarar da'irar ƙarshe. Hanyar tana aiki sosai ga itacen ok, amma ba ta cika amfani ga itatuwan ƙasashe masu zafi irin mahogani ba. Kuma abin da take nunawa shi ne ba a sare itacen kafin shekara kaza ba, ba ta faɗin ranar da kafinta ya taɓa shi.

Gwajin kabon-14, wanda Willard Libby ya samu lambar Nobel a kansa a 1960, shi ma yana da iyaka, domin ba ya iya rarrabe shekarun da ke tsakanin 1650 da 1950 da kyau, waɗanda kuwa su ne shekarun durowa. Amfaninsa na wani wajen ne. Gwaje-gwajen bam na nukiliya da aka yi a sararin sama sun kusan ninka yawan kabon-14 a iskar arewacin duniya zuwa wajen 1963, don haka duk itacen da ya girma bayan 1955 yana ɗauke da wannan tambari. Ga durowa mai fenti kuwa, ana bincika sinadaransa. Shuɗin da ake kira na Prussia an gano shi ne a Berlin wajen 1706, farin titaniyam kuma bai shiga kasuwa ba sai wajen 1920.

Tarkon da Aka Fi Faɗawa

Jabun da aka ƙera daga tushe bai kai yawan kayan da aka yi wa kwaskwarima ba. Akwai abin da dillalai ke kira aure, wato a ɗora saman wata durowa a kan ƙasan wata. Akwai raba doguwar durowa mai hawa biyu ta zama guda biyu. Ana gane waɗannan idan aka gwada haɗin aljihunan sama da na ƙasa, da launin allunan baya, domin hannu ɗaya da zamani ɗaya ba sa barin sawu iri biyu. Maɗaukan tagulla da aka sauya kan bar ƙarin ramuka a cikin aljihu, da inuwar tsohon maɗauki a fuskarsa. Ko hatimin kafinta, irin wanda doka ta wajabta wa kafintocin Faris daga tsakiyar ƙarni na 18 har zuwa rushe ƙungiyoyinsu a 1791, ana iya buga na ƙarya ko a ciro na gaskiya daga wani kayan. Gyara ba laifi ba ne ga abin da ya shekara ɗari biyu ana amfani da shi, ɓoye gyaran ne yaudara. Saboda haka ya kamata mai saye ya nemi a rubuta masa a rasiɗi nau'in katako da zamanin ƙira da duk gyaran da aka yi.

Akwai kuma batun doka da na lafiya. Yarjejeniyar CITES ta sanya itacen Dalbergia nigra na Birazil cikin jerin da aka fi tsananta wa tun 1992, don haka ƙetare iyaka da kayan da ke ɗauke da shi na bukatar takarda. Dokar hauren giwa ta Birtaniya, wadda ta fara aiki a 2022, ta hana sayar da kaya mai ɗan haure ko da a bakin makulli ne, sai in an yi shi kafin 1947, hauren bai kai kashi 10 cikin ɗari na girmansa ba, kuma an yi masa rajista. Tsohon fenti kuwa sau da yawa yana ɗauke da dalma, wadda Amurka ba ta hana a fentin gida ba sai a 1978. Kankare shi a bushe yana tayar da ƙura mai guba, mai illa ga ƙwaƙwalwar yara.

Wanda zai kawo irin wannan kaya ƙasar Hausa yana da ƙarin abin lura. Gidajen tarihi kan riƙe laimar iska tsakanin kashi 40 da 60 cikin ɗari. A Kano kuwa takan sauka ƙasa da kashi 20 da hunturu, ta haura 70 da damina. Wannan hawa da sauka na iya tsaga alluna ya ɓamɓare fallen da aka liƙa cikin 'yan shekaru, ga kuma gara. Sai a nisanta kayan daga rana da bango mai danshi, a kuma ɗaga shi daga ƙasa.

Kammalawa

Babu alama guda da ta isa hujja ita kaɗai, domin gwanin jabu na iya samo tsohon katako, ya nemo tsohuwar ƙusa, ya yanka haɗi da hannu. Abin da ke ba shi wuya shi ne ya sa dukkan shaidun su yi magana da murya ɗaya, wato nau'in itace, da tsukewarsa, da sawun zarto, da tabon ƙusa, da launin allon baya, da zaizayar da jan aljihu na shekaru ya bari a gefensa. Hausawa sun ce ramin ƙarya ƙurarre ne. Mai saye da ya zo da tocila da abin awo da madubin hannu, ya zare aljihuna ɗaya bayan ɗaya, ya duba inda ba a yi domin a gani ba, ya riga ya yi mafi yawan binciken da ƙwararre zai yi, kuma zai san lokacin da ya dace ya nemi ƙwararren kafin ya biya kuɗinsa.